Uku da Gyara

Shekarun baya, ina aji biyar na sakandare a Ƙaura, wani ɗan harafi ya shiga kaina har ya kusa jawo wa kakana asarar abincin shekara. Ku da kuke bibiyata a nan kun san halina, ba na iya riƙe magana kuma ba na iya jira. To a wancan lokacin abin ya ninka haka, don na fara jin kaina a lissafi.

Harafin shi ne π. Sanda biyu a tsaye, ɗaya a gicciye a kansu, kamar ƙofar garken awaki. Tun muna ƙananan azuzuwa muke rubuta shi: ashirin da biyu bisa bakwai, a buga, a wuce. Ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Sai aka kawo mana wata 'yar bautar ƙasa daga kudu ta karɓi lissafi. Ita “pai” take ce masa, da leɓe a rufe. Mu kuwa “fai” bakinmu ya iya. Ta gyara mana har ta gaji, ƙarshe ita ma in ta manta sai ka ji ta ce fai.

Wata rana ta ce gobe kowa ta zo da wani abu mai zagayayyen baki daga gida. Ni na ɗauko faifan Inna ba da saninta ba. Ta sa kowa ta zagaya bakin abinta da zare ta auna zaren a rula, sannan ta auna faɗin abin ta tsakiya, ta raba na farko da na biyu. Mai murfin tukunya ta samu uku da ɗan wani abu. Mai awarwaro, uku da ɗan wani abu. Wata da ta sha wahalar turo tsohuwar tayar keke tun daga unguwarsu, ita ma uku da ɗan wani abu. Na duba nawa na faifai, shi ne dai. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Matar da ta ɗinka faifan nan ba ta taɓa shiga aji ba, wanda ya ƙera tayar bai san da ita ba, amma lamba ɗaya ce kwance a cikin aikinsu.

Ni ce na ɗaga hannu na ce to me ya sa ake ce masa fai? Malamar ta ce harafi ne na Girkawa, kuma shi ne farkon kalmarsu ta kewaye, shi ya sa masu lissafi suka ɗauko shi. Ta ce su ma Girkawan aro suka yi daga wasu mutanen da can na gaɓar tekun Sham, kuma a harshen waɗancan sunan harafin yana nufin baki. Baki dai, na cin tuwo. Na ce a raina, to ai mu ma bakin tukunya muke cewa, bakin rijiya, bakin rumbu.

Daga ranar gidanmu ya shiga uku. Na auna turmi, na auna randa, na auna kwanon miya da miyar a ciki. Hular Baba ma ba ta tsira ba, ya ajiye zai yi alwala ya juyo ya tarar da ni da zare. Inna, da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, sai dai ta ce, “Wagga ɗiya, aljanun awo sunka kama ta.”

Ana cikin haka damina ta kawo kai. Wata safiya wayar Baba ta yi ƙara, ya duba ya ga lambar maƙwabcin Kaka ce, mahaifin Inna, da ke Gurbin Ɓore. Kaka ba shi da waya. In zai kira, sai sun hau tudun bayan gari shi da maƙwabcin suna neman sabis. Baba ya buɗe muryar muka kewaye shi.

Bayan gaisuwa Kaka ya ce, “Iskar jiya ta ɗebe ma rumbuna jinka, ta kai ta inda Allah kaɗai Ya sani. Gero na ciki. Na ruhe da zana da tsohon tamfol, amma in ruwa na gaske ya zo ba su tsare komi.”

Inna ta dafe ƙirji. Rumbun ƙasa ne, kuma geron da ke ciki shi ne abin da gidan za su ci har sabo ya nuna. In ruwa ya jiƙa bakin ginin zai narke, in ya shiga ciki gero ya tsira ko ya ruɓe. Da can wannan ba abin kiran waya ba ne, samari za su shiga daji su saro gora su yanko ciyawa, kafin la'asar an gama. Amma a shekarun nan ba mai yin nisa cikin daji a wajen su, kowa ya san dalili. Mai yi musu jinkar ma ya tashi da iyalinsa. Dole sai dai a haɗa a Ƙaura a kai musu.

Baba ya ce, “Allah shi ƙara maka lafiya, nawa ne awon shi?”

“Na zagaya bakin nai da igiya. Kamu goma sha ɗaya cif. Ina amaryata? Ku ce mata...”

Sai layin ya tsinke. Amaryar ni ce, haka yake tsokanata tun ina rarrafe. Muka kira, muka sake kira, shiru.

Mota ɗaya ce za ta iya ɗaukar irin wannan kaya zuwa can, wata akori-kura da ke zuwa ranar kasuwa kawai. Ranar kasuwar kuwa gobe ce, kuma direban da azahar yake tashi, ba ya yarda yamma ta same shi a hanyar. In ta wuce mu, sai wani mako. Ga gabas kullum sai ta haɗa hadari.

Baba ya aika aka kira mai jinka, wani dattijo mutumin Maraɗi da ya daɗe a unguwarmu. Ya zauna a zaure ya ji bayani. Ya ce shi a ƙasa yake ɗaure tsaiko, wato ƙashin jinkar na gora, kuma kafin ya fara sai ya kafa turke ya ja da'ira da igiya. Don haka faɗin rumbun yake buƙata, ba kewayensa ba. Ya ce ba komai, zai yanki igiya kamu goma sha ɗaya ya shimfiɗa ta a zagaye, ya yi ta gyarawa da ido har ta yi daidai.

Ina bayan ƙofa ina ji. Ban san lokacin da na faɗo zauren ba.

“Wannan ai ɓata lokaci ne. Uku da rabi ne.”

Suka juyo suna kallona. Na ce goma sha ɗaya sau bakwai, a raba da ashirin da biyu, uku da rabi. Faɗin rumbun Kaka kamu uku da rabi ne, ko yanzu aka je aka auna.

Baba ya ce, “Kin tabbata?”

“Baba, lissafi ba ya ƙarya.”

Na ga ya ɗan murmusa yana ɓoyewa, irin na uban da kuɗin makaranta suka fara yi masa magana. Ya ce to shi ke nan, tunda shi da mai jinka za su yi sammakon ɗauko gora da ciyawa, ni in ja da'irar kafin su dawo. Mai jinka ya ƙara da cewa in sa taƙi ɗaya a kowane gefe, don ruwa ya riƙa zuba nesa da jikin gini.

Ana idar da sallar asuba ina filin bayan gidanmu da tsintsiya. Na share, na kafa turke, na ɗaura igiya. Rabin uku da rabi, kamu ɗaya da kashi uku cikin huɗu. Na dafa igiyar a gwiwar hannuna na miƙa ta zuwa kan ɗan yatsa, na auna a tsanake har sau biyu, na ƙara taƙi, na ƙulla tsinke a wurin. Na ja da'ira, na bi ta da toka ta fito fes. Da na ga ta yi kyau, sai na zana π ƙato a tsakiya da sauran tokar. Ba wanda ya sa ni. So nake duk wanda ya wuce ya san aikin 'yar boko ne.

Suka dawo da kaya, mai jinka ya duba ya ce, “Ashe ƙaramin rumbu na,” ya fara aiki. Ya tsayar da gorori a kan layin tokar, ya haɗe kawunansu a sama, ya shiga ɗaure tanka zobe-zobe daga ƙasa. Baba na miƙa masa igiya. Ni kuwa ina zagaye su da hannu a baya kamar injiniya.

Sai ga Baffa, ƙanen Baba, malamin Islamiyya, ya biyo ta wurin da littattafai a hammata. Ya tsaya ya leƙa tsakiyar da'irar.

“Wannan kuma hatimin mene ne?”

Kafin in buɗe baki mai jinka ya ce, “Wanga ai pi na. Mun yi shi lakwal. Turwa birgil katorz.” Faransancin makarantarsu ta Maraɗi ke nan, wato uku da ɗigo ɗaya huɗu.

Na ce, “Fai ne, ba pi ba.”

“Madamazal, ni da bulala anka koya min shi, ba ni mance sunan abin da ya sa na sha kashi.”

Na ce malamarmu ta yi jami'a, kuma pai take cewa. Ya ce to ga shi ni ma ba abin da take cewa nake cewa ba. Baba ya yi dariya har igiya ta kuɓuce masa.

Baffa ya gyara tsayuwa, na san an taɓo masa inda yake so. Ya ce a littafin hisabi na Larabci da ya karanta ba wannan ƙofar garken ake zanawa ba, ɗa mai hannu ake sawa. Ya sunkuya ya rubuta ط da yatsa kusa da nawa. Ya ce malaman da kuwa ba su ma damu da ba shi harafi ba, sai su ce uku da subu'i, wato uku da ɗaya bisa bakwai. Na yi saurin bugawa a kaina na ga ashirin da biyu bisa bakwai ɗin nan ne dai, ya sake riga. Abin ya ba ni haushi kuma ya burge ni lokaci guda.

Don kada a bar ni a baya na ce ai asalinsa na Girkawa ne. Baffa ya ce Yunanawa dai. Na ce su ɗin ne. Na ƙara da cewa su ma aro suka yi, kuma a wurin masu shi na farko sunan yana nufin baki.

Baffa ya ɗaga hannu. “Tsaya. Baki kika ce?”

“Baki.”

“Ikon Allah. Fuka, faka, fika. Bakinka ke nan a Larabci, kowane ɗalibin nahawu ya hardace shi. Ashe ɗan'uwan harafin fa ɗinmu ne ya tafi ci-rani ƙasar Yunan.” Ya ajiye littattafan a kan dutse, ya manta da inda za shi, ya shiga jero misalai. Mai jinka na sama da tsaiko yana cewa shi dai pi ya sani. Ni ina tsalle a tsakaninsu ina jin duniya ta dawo filin bayan gidanmu: Girka, Sham, Maraɗi, duk a kan toka ɗaya.

Baba ya ce, “Ko mi sunan shi, a miƙo min igiya.”

Da hantsi an ɗaure fiye da rabi. Inna ta fito da kwaryar fura. Ta ajiye, ta gaishe su, sannan ta tsaya tana kallon tsaikon. Ta zagaya shi sau ɗaya a hankali.

“Wanga na rumbun wa?”

Na ce na Kaka mana.

“Rumbun da ni da ƙanwata muka shiga mu zauna, kowa ta miƙe ƙahwa? Wanga ko akurkin kaji sai a yi shawara.”

Ga abin da na ce mata, a gaban Baba da Baffa da baƙo, kuma har yau in na tuna sai na runtse ido: “Inna, lissafi ne. Ba za ki gane ba.”

Baffa ya sunkuyar da kai. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta matso, ta kama hannuna na dama, ta lanƙwasa shi a gwiwa, ta dube shi kamar mai tayin rake.

“Na ji, ban gane ba. Kamu goma sha ɗaya. Kamun wa?”

Kaka dogo ne na ban mamaki, ba ƙofar da yake shiga bai sunkuya ba, hannunsa kamar muciya. Ni kuwa a layin makaranta kullum ni ce a gaba. Shi ya auna da hannunsa, ni na fitar da amsa daidai, na zo na auna ta da nawa. Mun shafe safiya muna gardamar sunan harafi da harsuna huɗu, ba wanda ya tambayi hannun wa.

Baba ya ciro waya ya kira lambar maƙwabcin. Ba ta shiga. Ya sake. Ya dubi rana, ya dubi gabas, bai dube ni ba, kuma wannan ya fi mari ciwo. Ya ce ko a auna da nasa hannun a ɗan ƙara. Mai jinka ya girgiza kai, ya ce wannan canki-canki ne: in ta yi girma iska ta sake shiga ƙarƙashi ta ɗauke, in ta yi kaɗan gini ya sha ruwa.

Inna ta juya ta shiga gida. Na ɗauka fushi ta yi. Can sai ga ta da igiyar shanyarmu, ta kwance ta, har da ɗankwalina a rataye a kafaɗarta. Kaka tufkar igiyar rama yake yi tun tana yarinya, kuma kowace igiya tasa kamu ashirin ce, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Masu saye a kasuwa ba sa ma aunawa in sun ga tasa ce. Wannan shi ya kawo mana ita da hannunsa da Sallar da ta wuce.

Ta jefo min ita a ƙafa. “Ke mai lissahi. Ga hannun ubana nan ciki, fid da shi.”

Na ninka ta biyu, goma. Na sake ninkawa, biyar. Na kasa wannan kashi biyar daidai, Baffa na riƙe min ƙarshen. Abin da ya fito na kara shi da hannuna, ya wuce kan yatsana da faɗin tafi har da ɗori. Na sake jan da'ira daga turken nan, sabon layin ya faɗa can waje da na farko. Mai jinka ya dubi tazarar ya ce da an kai ta farko, da ta zauna daidai kan bakin rumbun ta riƙa juye ruwa cikin gero kamar mazurari.

Abin da ya cece ni ɗabi'ar tsohon ce: ba ya yanke jelar gora sai ya gama ɗauri duka. Da ya yanke, da zance ya ƙare. Aka kwance tanka ɗaya bayan ɗaya, aka buɗe ƙafafun zuwa sabon layi, aka sake ɗauri daga farko. Baffa ya tuɓe babbar riga ya kama aiki, ɗalibansa suka sha hutun da ba su roƙa ba. Ni aka ba ni riƙon igiya. Tunda aka haife ni ban taɓa yin shiru mai tsawon na ranar ba.

Ana kiran azahar direba na danna ham a bakin titi. Aka ɗora tsaikon a kan akori-kura ya zauna mata kamar malfa, aka cusa naɗin ciyawa a ƙarƙashi. Na ce zan bi Baba da mai jinka. Baba ya ce ba inda za ni. Inna ce ta ce, “Bar ta ta tahi, ta ga abin da ta auna.”

Duk garin da muka ratsa sai an nuna mu ana dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Ina ta sake lissafin a kaina, ina tunanin ko igiyar ta saki saboda shanya, ko na ninka ta ba daidai ba. Muna wuce Zurmi gabas ta yi baƙi ƙirin. Direba ya ce kowa ya yi ta salati, ya taka mota.

Kaka na tsaye a ƙofar gida, ya fi kowa tsawo kamar kullum. Yana ganina ya ce, “Amarya ta zo da kayan ɗaki.” Ban iya ramawa ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya dube ni da kyau ya ce lafiya? Baba ya ce a bari sai an gama.

Maza suka taru. Aka sauke tsaikon kusa da rumbu, mai jinka ya shiga naɗa ciyawa daga ƙasa zuwa sama, hannunsa kamar ba na tsoho ba. Iska ta fara kaɗa tamfol ɗin da ke bakin rumbun. Aka yaye shi, na hango kawunan gero a jere, busassu. Mutum takwas suka kama jinkar, wasu suka tallafa da sanduna masu baki biyu, aka yi bisimilla aka ɗaga. Ta yi sama, ta karkata, wani ya ce a ja hagu, ta dawo. Na so in rufe ido na kasa.

Ta sauka ta zauna. Ba a tura ba, ba a ja ba.

Kaka ya zagaya rumbun yana sa taƙinsa a ƙarƙashin ciyawar, nan, da nan, da can. Ko'ina daidai. Ni dai na zauna a kan turmin da ke wurin ina dariya, hawaye na zuba, mata na kallona suna tambayar ko 'yar birnin lafiya take.

Ana gama ɗaure ta da gini ruwa ya sauko, irin mai ƙarfin nan da ba ya sallama. Muka fake a zaure. Daga nan ina hango rumbun. Ruwa na gangarowa ta kan ciyawa yana ɗiga nesa da jikin ginin, har ɗigon ya zana da'ira a ƙasa kewaye da shi. Ta fi tawa ta toka kyau nesa ba kusa ba.

A zauren na faɗa wa Kaka komai, har da abin da na ce wa Inna. Bai yi dariyar wannan ba, ya ce in na koma in san abin da zan yi. Amma da na kai ga gardamar suna, fai da pi da ɗa mai hannu, ya yi dariya har da tari.

“Duk wanga suna na abu guda? Mu uku da gyara muka ce mishi.”

Na ce kamar yaya?

“In kin auna faɗi, ki ninka uku, ki sa gyara awa mai saida gyaɗa. Shi na kewaye.”

“Gyaran nawa?”

“Gwargwadon abu. Babban rumbu, babban gyara. Ƙaramin rumbu, ƙaramin gyara. Wanda ya hana gyara, jinka tai ba ta zama.”

Na zauna ina kallonsa. Abin da muka yi da zare da rula da tayar keke, shi ne tsohon nan ya faɗa yana ɓare goro. Sai na tuna maganarsa da ta tsinke a waya. Na ce lallai cewa zai yi in auna da igiyarsa. Na tambaye shi, Kaka, da ka ce a ce mini, me za ka ce?

“Cewa za ni yi ki taho min da ƙuli-ƙulin Ƙaura. Ina shi?”

Da na dawo gida na sami Inna tana tankaɗe. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ci gaba da tankaɗenta ta ce, “Ya zauna?” Na ce ya zauna. Ta ce, “To tashi. Faifaina da kinka kai makaranta, a maido min abina.” Ashe duk ta sani.

Daga baya na ci gaba da cin karo da harafin nan. A darasin sinadarai ya fito a matsayin sunan wani irin haɗi, ba ruwansa da da'ira. Na ga babbansa a wani littafi yana nufin a yi ta ninka lambobi a jere. Da na sami waya tawa ta kaina na bincika yadda su Girkawan suke kiran abinsu a yau, sai na tarar pi suke cewa. Na taka har gidan mai jinka na faɗa masa. Ya ce, “Madamazal, ai na gaya miki bulala ba ta koya ƙarya.”

Yanzu ɗinki nake yi, kuma kusan kullum sai na yi amfani da shi, don duk siket mai buɗewa da shi ake yanka ƙugunsa. Har yau in na raba awo da shi na ga yadi ya zagayo ya haɗu cif, sai na ji irin daɗin nan na ranar faifai, bai ragu ba. Yaran shagona sun san shi da uku da gyara, don na ga sun fi saurin kama shi da wannan sunan. Amma in mace ta turo mini awonta ta waya, ba na sa almakashi sai na tambaye ta wa ya auna, kuma da wane gefen tef, na inci ko na santimita. Wasu har haushi suke ji, su ce na cika tambaya. Ni da aka sani da rashin jira.

Bakin dai yana nan, ban fasa ba, kun shaida. Sai dai Inna ta sami maganinsa. Ko a tsakiyar taron biki ne, in ta ji na ɗaga murya ina rantsuwa a kan abin da na tabbata na sani, ba ta yi mini faɗa. Ko kallona ba ta yi. Tana ci gaba da abin da take yi, a hankali take cewa, “Kamun wa?”